Injin Walda Mai Transfoma ko Mai Inbata: Wanne Ya Dace da Shagonka?

Duk wanda ya gama koyon walda kuma ya yi niyyar buɗe nasa shago, ko wanda tsohon injinsa ya ƙone yana neman madadi, zai tarar da injuna iri biyu a gabansa idan ya shiga kasuwa irin Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Akwai mai transfoma, wanda nauyinsa kan kai kilo 50 ko fiye, sai mutum biyu sun kama ko an ɗora shi a kan tayoyi. Akwai kuma mai inbata, wanda sau da yawa bai wuce kilo 5 zuwa 8 ba, yaro ma yana iya rataya shi a kafaɗa ya hau babur. Dukansu aiki ɗaya suke yi, wato su karɓi wutar layi mai bolt 230 su rage ƙarfin turinta, su kuma ƙara yawan kwararowarta har ta isa narkar da sandar walda da bakin ƙarfe a lokaci guda. Sai dai hanyar da kowanne ke bi ta bambanta, kuma daga wannan bambanci ne ake samun bambancin wutar da suke ci, da irin haɗarin da ke tattare da su, da irin kulawar da suke bukata.

Injin transfoma ba shi da wani abu a cikinsa sai dunƙulen ƙarfe da waya da aka nannaɗe a kansa hawa biyu. Yana aiki ne da bugun wutar layi kamar yadda ta zo, sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa dole ƙarfensa ya yi girma, kuma wutar da yake fitarwa mai kai-da-komo ce, wadda ake rubuta wa AC. Mai inbata kuwa yana fara miƙar da wutar layin, sannan wasu ƙananan makunnai na lantarki su daddatsa ta sau dubu ashirin ko fiye a daƙiƙa, ta bi ta wata 'yar transfoma da ba ta fi dunƙulen hannu ba, a sake miƙar da ita ta fito tana tafiya hanya ɗaya, wato DC. Saurin bugun ne ya sa ƙaramin ƙarfe ke ɗaukar aikin babba.

Abin da ya kamata mai saye ya fara dubawa, tun kafin ya tambayi farashi, shi ne wutar da ke isa shagonsa. Mu ɗauki sandar milimita 3.2, wadda masu sana'a ke kira geji 10, ana walda da ita a kan amfiya 120, amfiya kuwa ita ce ma'aunin yawan kwararar wuta. Harshen walda, wato wutar da ke ci tsakanin bakin sanda da ƙarfe, a wannan mataki yana bukatar kimanin bolt 25, wato aikin da ake yi a zahiri bai wuce kilowat 3 ba. Amma injin transfoma da ke ajiye bolt 60 a bakinsa kafin a kunna harshe zai jawo kusan kVA 7 (ma'aunin nauyin da inji ke ɗora wa layi ko janareta) daga layi, wanda ya haura amfiya 30 a kan bolt 230. Mai inbata a wannan aikin yakan tsaya kusa da amfiya 20, nagartattu daga ciki ma ƙasa da haka. Wannan tazara ita ce dalilin da ya sa idan mai transfoma ya taɓa sanda a ƙarfe, fitilun maƙwabta suke dusashewa, fankoki su rage gudu, a fara kallon-kallo a unguwa. Ita ce kuma dalilin da ya sa soket na gida mai amfiya 13 ba ya ɗaukar ko ɗaya daga cikinsu a cikakken aiki, balle mai transfoma. A unguwar da wuta ke zuwa da rauni, transfoma yakan kasa kama harshe, sanda ta riƙa manne wa ƙarfe, mai walda ya yi ta fizga, alhali yawancin injunan inbata suna ci gaba da aiki ko da wutar ta ɗan sauka, domin suna daidaita abin da suke fitarwa da kansu.

A kan janareta kuwa lamarin ya juya, kuma nan ne masu sabon inbata da yawa ke asara. Lokacin da aka ɗaga sanda daga ƙarfe, nauyi yakan sauka daga kan janareta farat ɗaya, ƙarfin wutarsa ya yi tsalle na ɗan lokaci. Transfoma ba ta damu da wannan ba, tunda waya ce da ƙarfe. Kayan cikin inbata kuwa wannan tsalle yana iya ƙona su nan take. Saboda haka wanda zai riƙa aiki da janareta ya nemi inbata da aka rubuta a takardarsa cewa yana jure wutar janareta, ya haɗa shi da janareta mai na'urar daidaita wuta, wanda ƙarfinsa ya fi abin da injin ke ja da kamar rabi. Ga sandar geji 12, wato milimita 2.5, da geji 10, janareta mai kVA 7 zuwa 8 ya fi kwanciyar hankali. Ƙa'idar kuma ita ce a tayar da janareta ya daidaita kafin a kunna injin walda, a kuma kashe injin walda kafin a kashe janareta, kada a bar mai ya ƙare ana cikin aiki, domin sheshsheƙar da janareta ke yi lokacin da mai ke ƙarewa tana cikin abubuwan da suka fi kashe inbata.

Batun girkawa iri ɗaya ne a wasu wurare. Kowanne daga cikin injunan yana bukatar layinsa na kansa daga allon rabon wuta, da bireka da ta dace da abin da aka rubuta a farantin jikinsa, da waya mai kauri, murabba'in milimita 4 ko 6 gwargwadon injin da nisan wurin, da makunni a kusa wanda yaron shago zai iya kaiwa da gudu idan wani abu ya faru. Cusa tsiraran wayoyi cikin soket a danne su da tsinken ashana, ko maye gurbin fis da ƙusa, ko saƙala waya kai tsaye a kan layin gwamnati, duk hanyoyi ne da suka sha jawo gobara da mutuwa. Yana da kyau ƙwarai a sa na'urar nan mai yanke wuta idan ta ji yoyon da ya kai miliamfiya 30, amma dole a fahimci iyakarta: tana kare mutum ne daga wutar da ke shiga injin, ba ta jin abin da ke faruwa tsakanin mariƙin sanda da ƙarfen aiki.

A nan akwai ruɗani guda da nake ganin ya fi kowanne haɗari, kuma sunan da muke kiran abin ne ya jawo shi. Kebul ɗin da ake maƙala wa ƙarfen aiki, wanda kowa ke kira at, ba shi ne wayar ƙasa ta kariya ba. Shi hanya ce da wutar walda ke komawa cikin injin, kuma duk amfiyar da ta fita ta mariƙi ta nan take dawowa. Wayar ƙasa ta gaskiya ita ce wadda ke haɗa gangar jikin injin da sandar da aka kafa a cikin ƙasa, domin idan rufin waya ya ci a ciki, wutar ta bi ta nan bireka ta faɗi, maimakon ta jira hannun wanda zai taɓa injin. Injin inbata na kamfani yana zuwa da waya mai jijiya uku, aikin mai shago kawai ya tabbata jijiya ta uku ta isa ƙasa da gaske, ba a yanke ta an bar ta tana reto ba. Shi kuwa kebul na komawa, a maƙala shi kusa da inda ake walda, a kan ƙarfen da aka goge tsatsa da fenti. Al'adar jera guntayen rodi da fayif a ƙasa su zama hanyar komawa tana sa mahaɗai su yi zafi su yi tartsatsi, walda ta yi rauni, kuma idan wutar ta rasa hanya mai sauƙi sai ta nemi wata, ta bi sarƙa ko bututun ruwa ko siririyar wayar ƙasa ta ginin ta ƙone ta a cikin bango ba wanda ya sani. Kebul na jan ƙarfe mai murabba'in milimita 25 ya isa yawancin aikin shago, idan kuma nisa ya yi yawa a koma 35.

Sai injin transfoma na naɗin gida, wanda shi ne ya raini mafi yawan masu waldarmu, kuma ba zan raina shi ba, domin ya ciyar da gidaje masu yawa kuma masu naɗa shi sun san aikinsu. Duk da haka dole a faɗi gaskiya a kansa. Da yawa ana barin su tsirara, ba akwati, ko a cikin akwatin katako, ana sauya ƙarfin wuta ta hanyar kwance kebul daga wannan kan waya a ɗaura a wancan, wani lokaci injin yana kunne. Ba su da farantin da ke faɗin ƙarfinsu, ba su da abin da ke yanke wuta idan sun yi zafi, kuma babu wanda ya auna rufin da ke tsakanin naɗin da ke karɓar bolt 230 da naɗin da ke zuwa hannun mai walda. Idan wannan rufi ya ci saboda zafi da tsufa, wutar layi gaba ɗayanta za ta bayyana a mariƙi. Waɗanda aka naɗa da alminiyom sun fi saurin zafi da sassauta mahaɗa fiye da na jan ƙarfe. Wanda ya zaɓi irin wannan injin saboda arha ko saboda sauƙin gyara, to ya ƙara kuɗi a yi masa akwatin ƙarfe mai ramukan iska, a haɗa akwatin da ƙasa, a rufe kawunan wayoyin, ya kuma kai wa mai gyaran lantarki ya auna rufin da na'ura kafin a fara aiki da shi, sannan a riƙa maimaita awon aƙalla sau ɗaya a shekara. Idan mai sanyaya da mai ne, a duba matakin man da yoyo, kada kuma a zuba masa man da aka kwaso daga tsohuwar transfomar da ba a san asalinta ba, domin wasu tsofaffin mayukan transfoma suna ɗauke da guba.

Ta fuskar jan wuta a jiki, mai inbata ya fi ƙarancin haɗari, ko da yake bai kuɓuta ba. Lokacin da ya fi hatsari a walda shi ne lokacin da harshe ba ya ci, domin a sannan ne bolt 50 zuwa 80 ke tsaye tsakanin mariƙi da ƙarfen aiki, kuma a sannan ne mai walda ke sauya sanda. Busasshiyar fata tana iya tare wannan, amma jiƙaƙƙen hannu da gumin bazara, ko ƙafa cikin silifa a kan damshin damina, ko jingina da jikin tanki daga ciki, duk suna buɗe wa wutar hanya ta ƙirji. Wutar AC ta fi DC muni a nan, saboda tana ƙanƙame tsoka mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe, ta kuma fi saurin rikita bugun zuciya. Shi ya sa ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta injunan walda ta taƙaita AC zuwa bolt 48 a wurare masu ƙarin haɗari kamar cikin tanki ko wuri mai damshi, alhali ta bar DC har bolt 113. Wasu injunan inbata suna da wata kariya da ake rubuta wa VRD, wadda ke sauke wutar bakin mariƙi ƙasa sosai har sai sanda ta taɓa ƙarfe. Duk wanda aikinsa ya haɗa da hawa hasumiyar tankin ruwa ko rufin gini, inda ɗan fizgar wuta kaɗan ya isa ya jefo mutum ƙasa, ina ba shi shawarar ya nemi mai wannan kariya ko da ya fi tsada.

Game da ingancin walda, sandar E6013 da ake yin ƙyaure da taga da gado da ita tana ci da kyau a kan injunan biyu. Bambancin yana fitowa ne a siraran fayif, inda inbata ke ba da damar sauke wuta daidai yadda ake so, misali amfiya 65 ko 70 ga sandar milimita 2.5, ba tare da huda ƙarfen ba, harshensa kuma ya fi natsuwa da ƙarancin tartsatsi. Sandar E7018 da ake amfani da ita a ginshiƙai da aikin da zai ɗauki nauyi ita ma ta fi ci lafiya a kan DC, kuma ƙananan transfomomi da yawa ba sa iya riƙe harshenta. Abin da AC ta fi a kai shi ne ba ta fama da karkacewar harshe da maganaɗisu ke jawowa a lungunan ƙarfe masu kauri.

Akwai lamba guda a farantin injin da masu saye ba sa kulawa da ita, alhali ta fi babbar lambar da aka zana a jikin kwali muhimmanci. Ita ce ke faɗin minti nawa cikin kowane minti 10 injin zai iya aiki a wani mataki kafin ya bukaci hutu. Idan an rubuta kashi 60 cikin ɗari a amfiya 200, ma'anarsa minti 6 na walda da minti 4 na hutu, kuma irin wannan injin zai iya aiki ba tsayawa a kimanin amfiya 155. Kamfanoni masu bin ƙa'ida suna yin wannan awo ne a zafin digiri 40, wanda a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram zafin inuwa ne na yau da kullum a watan Afrilu, don haka injin da aka ajiye cikin rana tsaka ba zai kai abin da aka rubuta ba. A kasuwa kuma akwai ƙananan inbata masu arha da aka rubuta wa amfiya 300 ko 400 a jiki, waɗanda kebul ɗinsu da nauyinsu kaɗai sun isa su nuna ba za su kai haka ba. Hanyar gane gaskiya ita ce a nemi a gwada injin da sandar milimita 4 a ƙone biyu ko uku a jere, in ya samu a sa na'urar awon amfiya a kebul ɗin. Idan fitilar zafi ta kama a inbata, a dakata da walda amma a bar shi a kunne, domin fankarsa ce ke sanyaya shi. Transfomar gida ba ta da irin wannan fitila, sai warin ƙonewar rufin waya, wanda in an ji shi an riga an yi ɓarna.

A wajen kulawa da tsawon rai, transfoma ce ke kan gaba, ba tantama. Mai kyau yakan yi shekaru da dama ba abin da yake nema sai a ƙara ɗaure mahaɗai, a kare shi daga ruwan sama, a share ƙura, kuma ko ya ƙone akwai masu naɗin koyil a kusan kowane gari. Inbata kuwa babban maƙiyinsa ƙura ce, kuma ƙasarmu ƙasar ƙura ce. Fankarsa tana zuƙo ƙurar hunturu, mafi muni kuma tana zuƙo garin ƙarfen da injin gurza ke watsawa, wanda ke kwanciya a kan allon lantarki ya haɗa wuta inda bai kamata ba. Saboda haka kada a ajiye shi a ƙasa ko a saitin tartsatsin gurza, a ɗora shi a kan benci, a bar sarari a gabansa da bayansa, a kuma hure cikinsa da busasshiyar iska marar ƙarfi sosai aƙalla sau ɗaya a wata, a lokacin hunturu ma fiye da haka. Kafin a buɗe murfinsa a zare shi daga wuta a jira kamar minti biyar, domin akwai ma'ajiyan wuta a cikinsa da ke riƙe fiye da bolt 300 bayan an kashe. Kafin ka biya kuɗi, ka tambaya ko akwai mai gyaran wannan samfurin a garinku da kayan gyaransa, domin injin da sai an aika shi wani gari mai nisa zai tsayar maka da aiki na makonni.

Abin da ya rage bai san bambancin inji ba. Hasken harshen walda yana ƙona saman ƙwayar ido ko daga wane inji ya fito, kuma ciwon ba ya tashi sai bayan sa'o'i shida zuwa goma sha biyu, shi ya sa yake kama mutum da tsakar dare kamar an zuba masa yashi. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya hana wannan, kuma ba ya kare fuska. Abin da ake bukata shi ne garkuwar fuska mai gilashi lamba 10 ko 11 ga aikin yau da kullum, 12 ga wuta mai yawa, a kuma samar wa yaron da ke riƙe ƙarfe tasa, a sa shinge tsakanin wurin aiki da masu wucewa, musamman yara da ke tsayawa kallo. Idan ido ya kamu, a je wurin ma'aikacin lafiya maimakon ɗiga abubuwan da ba a san su ba. Safar hannu ta fata busasshiya, riga mai dogon hannu ta auduga, da rufaffen takalmi su ne sauran kayan. Yadin roba yana narkewa ya manne a fata. Hayaƙin walda kuma, tun shekarar 2017 hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, don haka a yi aiki inda iska ke wucewa, a kawar da kai daga saitin hayaƙin. Farin fayif mai rufin tutiya yana ba da hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon jiki da dare, kuma shan madara ba ya hana shi, sai dai a goge rufin daga wurin da za a yi walda. Duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur ko gas, ko ya shekara a bushe, ba a kusantarsa da harshe sai wanda ya san aikin ya wanke shi ya tabbatar babu sauran tururi, domin tankin da ake gani fanko shi ne ke fashewa. A ajiye tukunyar kashe gobara da bokitin yashi kusa, a nisanta jarkar man janareta, a kuma zagaya wurin bayan an tashi aiki ko wani tartsatsi ya faɗa cikin tsumma ko katako.

Idan aka haɗa duk wannan, ga yadda nake ganin zaɓin. Mai yin ƙyaure da taga da rumfa, wanda rabin aikinsa a gidajen mutane ne, wutar unguwarsu ba ta da ƙarfi, kuma mita ce ke cin kuɗinsa, inbata na gaske mai amfiya 160 zuwa 200 ya fi masa, da sharaɗin zai kiyaye shi daga ƙura ya kuma haɗa shi da janaretar da ta dace. Mai shago a wuri ɗaya da ke haɗa bodin mota ko garma ko injin niƙa, yana ƙona sandar milimita 4 tun safe har yamma a cikin garin ƙarfe, kuma yana da layi mai ƙarfi, zai fi samun biyan bukata da transfoma ta kamfani ko ta gida da aka rufe aka haɗa da ƙasa aka auna. Wanda kuma aikinsa a ƙauyuka ne ko wuraren gini da babu layi sam, ya duba injin da aka haɗa janareta da walda a jiki ɗaya, ya riƙa ajiye shi a fili saboda hayaƙin salansa, ya kuma lissafa kuɗin mai da na sauya baƙin mai a cikin farashin kowane aiki tun kafin ya yi ciniki da mai kaya.